Nomau da Ajiyar Inna

A Kukar Bawa, in ka bi hanyar tasha ka wuce mahauta, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa. Gidan Sallau ne, mai cajin waya da turin waƙoƙi. Da shi da matarsa Lantana da ƙanensa Nomau suke zaune. Nomau ba yaro ba ne, gemunsa ma ya fi na yayansa cika, kuma ba mahaukaci ba ne, don ni dai ban taɓa ganin ya jefi kowa ba. Larurarsa ɗaya ce: yadda ka faɗi magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce masa ya tsaya nan sannan ka manta da shi, to nan za ka tarar da shi ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk garin an san haka, amma kullum sai an sami mai mantawa, kuma babu wanda ya kai Sallau mantawa.

A zauren gidan shagon yake, jarinsa kuwa wata tsohuwar kwamfuta ce cike da waƙoƙi da fina-finai da wa'azi. Abu ɗaya Sallau ya iya koya wa Nomau a kanta, wato turi: a sa memorin mutum, a jawo abin da yake so a jefa masa a ciki. Amma ba don waƙoƙin 'yan'uwan nan ke lallaɓa ta kamar ƙwai ba. A cikinta akwai wani ɗan gajeren bidiyo na mahaifiyarsu, wanda Sallau ya ɗauka a shekarar da za ta rasu, tana zaune a tsakar gida ba mayafi, tana ɓarar gyaɗa tana magana. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da faɗawa rijiya. Babu hoton Inna ko ɗaya a duniya, babu muryarta a ko'ina sai a nan. Sallau ya ƙi sa shi a sabuwar wayarsa, don waya yawo take a hannun mutane, shi kuwa yana kunyar a ga mahaifiyarsa a haka. Duk Juma'a in sun dawo daga masallaci sai su rufe zaure su kalla su biyu. Abin da Nomau ya sani shi ne Inna tana ciki, kuma duk abin da ya sami kwamfutar ya same ta.

Wata rana kwamfutar ta fara jan ƙafa. In ka danna abu, sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ya buɗe. Sannan wani rubutu ya riƙa fitowa. Sallau ya haɗa shi da ɗan turancinsa na firamare, ya gane cewa babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta tsufa, kuma waɗanda suka yi ta sun daina kula da ita. Ya buga wa Haladu, mai gyaran kwamfuta na cikin birni wanda kowa ke kira Injiniya, shi kuma ya ce sai ranar kasuwa zai zo. Damina ce, gona ba ta jira, don haka da Sallau zai fita sai ya ce, "Nomau, kar ka bar kowa ya taɓa ta sai Injiniya ya gani." Nomau ya ɗauko taɓarya ya zauna a bakin tebur. Masu son turi suka zo, ya sallame su. Lantana ta zo da tsumma za ta goge ƙura, ya ba ta haƙuri. Da yamma Sallau ya dawo, hankalinsa duk yana kan ya duba ko Inna tana nan, ya miƙa hannu, sai ya ji taɓarya a ƙirjinsa.

"Kai, ni ne fa!"

"Na san kai ne, Yaya. Kowa ka ce."

"To na janye maganar."

"Injiniya bai gani ba tukuna."

Haka Sallau ya yi ta kallon kayansa daga nesa har ranar kasuwa. Gari na dariya, shi kuwa abinci ma da ƙyar yake wuce masa.

Wata rana, ranar kasuwar, Injiniya ya iso a babur da jakarsa a baya. Ya danna nan, ya danna can, ya girgiza kai irin na masu gyara in suna so gabanka ya faɗi, sannan ya ce, "Hanya biyu ce, Malam Sallau. Ko a ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwar, kayanka su zauna inda suke, amma in akwai cuta a ciki to da ita za a tafi. Ko kuma a yi fomatin, a goge komai tas, a zuba sabuwa. Ni dai da tawa ce, gogewa zan yi." Sallau na jin an ce a goge komai sai ya tari numfashinsa. Ya ce, "A'a, Injiniya, kar garin neman gira a rasa ido. Ɗora mata kawai." Nomau da ke tsugune a gefe ya ce, "Yaya, in an ɗora wata a kai, Inna ba za ta ji nauyi ba?" Injiniya ya fara aikin, ya ce sabis ɗin garin nan ba shi da ƙarfi, abin zai ɗauki kwanaki, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Wata rana da safe Sallau ya rataya fartanya ya ce, "Kwamfutar za ta riƙa yin tambayoyi. Duk abin da ta tambaye ka, ka ce mata e." Bai yi nisa ba sai ga wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar da rubutu a ciki. Nomau ya gyara zama ya ce, "E." Shiru. Ya ce, "E, na yarda." Ko motsi ba ta yi ba. Sai ya tuna an ce ta tsufa, tsofaffi kuwa kunnensu kan yi nauyi, don haka ya kafa baki a jikin lasifika ya dinga kwarara mata e har matan maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Da rana ta take kuma ba ta amsa ba, tsoro ya kama shi, ya fara haɗawa da roƙo, yana cewa don Allah ta yi haƙuri in an yi mata laifi. La'asar sakaliya Sallau ya dawo ya tarar da ita a kan tambayar da ta yi tun safe, Nomau kuwa murya ta dushe, ido ya yi ja.

"Na ce mata e har na gaji, Yaya. Ko fushi take da mu?"

Sallau ya sa yatsa ɗaya ya danna, aiki ya ci gaba. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna abin da ya faɗa da bakinsa, ya haɗiye.

Wata rana Injiniya ya bugo waya da gargaɗi, ya ce yanzu an zo wurin da ke da haɗari, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin komai na iya salwanta. Mu kuwa a Kukar Bawa turakun lantarki kawai muka sani, wutar ba ta taɓa zuwa gaishe mu ba, da ɗan janareto Sallau ke aiki. Ya cika masa tanki, ya kama kafaɗar ƙanensa ya ce, "Ko daga ina ne ka nemo mai, kar injin nan ya mutu." Ana kiran Azahar janareto ya fara tari. Nomau ya ruga wurin mai sayar da fetur a kwalba, ya tarar ya tafi ɗaurin aure. Ya tsaya a titi yana jin tarin injin daga nesa, sai idonsa ya faɗa kan baburan da aka jera a ƙofar masallaci. Ya koma gida ya ɗauko tiyo da galan. Kafin liman ya yi sallama ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya zuƙe, har da na liman, har da na mai unguwa. Da aka fito, kowa ya yi ta buga babur ɗinsa, ko ɗaya bai tashi ba. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce mutanen ɓoye ne, wani dattijo har ya fara tofa addu'a a tayarsa. Warin fetur ne ya kai su zauren Sallau, inda suka sami janareto na ruri, Nomau na kurkure baki. A gaban mai unguwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ko daga ina aka ce." Sallau ya wuni yana bin mutane gida-gida yana ba da haƙuri, kuma har yau in ya ajiye babur a masallaci sai an sami mai tsokanarsa.

Wata rana Sallau ya ce, "Yau za ta gama. In ka ga ta mutu, ka zo da gudu ka faɗa mini." Abin da shi kansa bai sani ba shi ne, kwamfutar da ake ɗora wa sabuwar manhaja takan kashe kanta ta sake tashi, ba sau ɗaya ba. Hantsi ya dubi ludayi sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Nomau ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya ratsa gari ba takalmi yana kuka yana cewa, "Ta mutu! Yaya, ta mutu!" Matan da ke bakin rijiya suka ɗauka Lantana ce, suka ajiye guga suka nufi gidan da salati, suka tarar da ita tana tankaɗe. Sallau ya jefar da fartanya ya biyo shi, zuciyarsa kamar ta fito, suka shigo zaure suka ga kwamfuta a kunne, wasu 'yan ɗigo na zagaye a fuskarta. Ya yi hamdala ya koma gona. Bai gama kunya guda ba sai ga kururuwar Nomau kuma. A na gaba ƙafafun Sallau suka ƙi komawa gona, ya zauna a ƙasa kusa da ƙanensa, duk lokacin da ta yi baƙi sai su riƙe numfashi tare. Can da yamma ta buɗe da sabuwar fuska mai sheƙi. Sallau ya nemo bidiyon, ya same shi yana nan. Ranar sun yi murna ƙwarai, har Lantana ta sa aka yanka zakara.

Murnar ba ta yi nisa ba. Wata rana wani direba ya zo a tura masa waƙoƙin da ya saba, aka buɗe inda suke aka ga wayam. Washegari fina-finai suka fara bin su. Abu kamar gara, yau a ci nan, gobe a ci can, kuma kullum ɓarnar na matsowa kusa da inda Inna take. Sallau ya daina barci mai kyau, Nomau ya daina cin abinci, yana zaune dai yana gadin abin da bai san yadda ake korarsa ba. Injiniya ya zo ya duba ya ce, "Ai na faɗa maka. Yaɓe muka yi a kan ruɓaɓɓen bango, cutar da ke cikin tsohuwar ita ce ta hau sabuwar. Yanzu ba makawa sai an rushe an sake gini."

"Kayan ciki fa?" in ji Sallau, murya ƙasa-ƙasa.

"In za a rushe ɗaki ai ba a rushe shi da kaya. Kwashewa ake yi a kai gidajen maƙwabta ajiya, in an gama gini a dawo da su. Ka kwashe abin da ba ka so ka rasa, gobe da safe zan zo mu goge."

Sallau ya fito da wani sabon filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, wanda ya saya a bakin tasha wurin mai talla a baro, ya jefa bidiyon a ciki, ya ga sunansa ya fito, ya zare ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Sannan ya tafi birni sayen fetur.

Nomau kuwa ya ji abin da Injiniya ya ce, kuma bai ji an ce aljihu ba, maƙwabta ya ji an ce. Ya tuna shekarar da aka sake ginin ɗakin Inna, yadda aka kai gadonta wancan gida, tukwanenta wancan. Sai ya fara da gidan da ke jikin nasu, gidan Gwaggo Yalwa, tsohuwar da suka yi zaman amana da Inna tun suna amare. Ya yi sallama ya ce, "Gwaggo, gobe za a rushe mana. A ba ni memori in kawo ajiya." Ba ta gane ba, amma ta san shi, ta ciro 'yar wayarta daga ƙugu ta ba shi. Ya je ya tura Inna a ciki ya dawo mata da ita. Daga nan ya wuce gidan wanzami, da gidan mai ƙosai, da gidan ladan, duk inda ya san Inna tana shiga tana da rai. Abin da yayansa ya yi shekaru yana ɓoyewa a bayan ƙofa, Nomau ya raba shi a layin kafin rana ta faɗi. Bai faɗa wa Sallau ba, don ba a tambaye shi ba.

Da safe Injiniya ya zo. Ya ɗora yatsa ya dubi Sallau ya ce, "In na danna, babu komowa fa. Ka kwashe?" Sallau ya dafa aljihunsa ya ce ya kwashe. Aka danna. Kusan Azahar sabuwar manhaja ta zauna, kwamfuta ta koma garau tana gudu kamar sabuwa, babu komai a cikinta. Sallau ya miƙa filash. Injiniya ya sa, sunan bidiyon ya fito, ya danna, ya ƙi buɗewa. Ya sake dannawa. Ya zare ya hura ya mayar. Ya juya filash ɗin a hannunsa, fuskarsa ta canza.

"Malam Sallau, ina ka sayi wannan?"

"A tasha. Lafiya?"

"Jabu ne. Suna kawai yake riƙewa, cikinsa fanko ne. Babu komai a nan."

"To a dawo da na cikin kwamfutar."

"Wanda muka goge?"

Sallau ya sulale ya zauna a ƙasa. Babban mutum da iyalinsa, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka, yana cewa da hannunsa ya sake binne ta. Lantana ta tsaya a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen zane. Injiniya ya rasa inda zai sa idonsa, ya tattara jakarsa ya fita waje. Nomau ya matso ya taɓa yayansa ya ce, "Yaya, tunda an gama ginin, ko in je in…"

"Rufe mini baki!"

Nomau ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, ya koma gefe ya tsuguna a haka.

Suna nan zaune, rana ta take, gari ya yi tsit, sai Sallau ya ji dariya daga bayan katanga. Tsikar jikinsa ta tashi. Dariyar nan ya san ta tun yana goye. Ya ɗago ya dubi kwamfuta, babu abin da ke motsi a fuskarta. Ya dubi Lantana, ya ga ita ma ta ji, ta dafe ƙirji tana ja da baya. Ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, yana haɗa ta shiga banɗaki da ta hawa mota. Sai muryar ta sake tasowa, tar da ita, tana matsowa ta wajen ƙofar gida:

"Kai Sallau, ajiye abin nan haka. Je ka kira ɗan'uwanka ya ci abinci, tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

Aka yi sallama. Gwaggo Yalwa ce ta shigo tana dogara sanda, waya a hannunta, Inna na ɓarar gyaɗa a cikinta. Idon tsohuwar ya kumbura. Ta ce, "Na ji an ce an gama, shi ne na kawo ajiyarku. Tun jiya nake kallonta ina kuka. Ashe kana da ita, ɗan nan, shekara da shekaru ka hana ni ganin ƙawata?"

Sallau ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya ce, "Gwaggo, ai ba mayafi a jikinta."

"Kunyar wa kake ji? Da ni da ita wa ya fi sanin kan wani ba ɗankwali? Je ka gidan mai ƙosai ka ga yadda mata suka taru a kanta."

"Har can ta je?"

Ya juya ya dubi Nomau, wanda har yanzu hannunsa ke kan bakinsa, hawaye na bin yatsunsa, yana jiran duka. Sallau ya rarrafa ya je ya cire masa hannun da kansa.

"Gida nawa ka kai ta?"

"Duk inda take zuwa, Yaya. Injiniya ya ce maƙwabta." Ya ja majina. "In je in kwaso ta duka?"

Sallau ya dubi wayar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "A'a. Ta Gwaggo za mu mayar ciki. Sauran ka bar su inda suke, ta daɗe a kulle." Ya ɗaga murya ya ce, "Lantana, kawo wa Nomau abinci. Inna ta ce bai ci komai ba."